Nasiha ga Malamai da Almajirai Bisa Jinyar Mashayi da Riƙon Mutanen Gidansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, ya sanya shi amana ga wuyansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamaina da 'yan'uwana almajirai, mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum da ƙauyukan da ke kewaye da su, ina gaishe ku, ina kuwa neman gafarar manyana da ke zamne nan, waɗanda sunka fi ni karatu da shekaru. An ce in yi magana bisa shaye-shaye. Na sani dukanku kun san hukunci, ba wanda za shi tashi cikin wanga zaure shi ce giya halal ce, saboda haka ba zan tsawaita ga haramci ba. Abin da ni ke so mu duba shi ne abin da ke zuwa bayan an san haramci: yaro ya rigaya ya faɗa, uwa tana kuka, uba ya rasa ta cewa, an taso an zo wurin malam. To mi malam za shi ce, mi kuma za shi yi? Ni daga cikin gidana anka kawo mini wagga tambaya, na amsa ta bisa kuskure, har na kusa rasa ran da ke hannuna. Shi ya sa na karɓi wagga magana da anka ɗora mini.

Fasali na farko, bisa girman al'amarin

Ku sani, Allah shi yi muku rahama, tun da anka fara aiki da shari'a cikin jihar Zamfara ga watan Janairu na 2000 anka rufe gidajen giya na sarari, munka yi godiya ga Allah. Amma tulun burkutu ana ganinsa, ana jin warinsa daga nesa. Ƙwaya kuwa cikin aljihu ta ke tafiya, ba ta da wari, yaro shina iya haɗiye ta shi shigo sahu shi tsaya kusa da kai. Ga tiramadol, wanda yara ke ce wa tiramol. Ga ruwan maganin tari mai kodin. Ga ƙwayoyin barci, su diyazifam da rochi. Ga Exol, ga allurar fenta, ga tabar wiwi, ga sholisho da a ke shaƙa, ga zaƙami da kakanninmu sunka sani tun dauri. Giyar ma ba ta ƙare ba, ta koma ɓoye ne.

Ga watan Janairu na 2019 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi, tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, sunka fitar da lissafin da sunka yi. Sunka ce cikin mutanen Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, mutum miliyan 14 da dubu 300 sun taɓa ƙwaya cikin shekara guda, watau kamar mutum ɗaya cikin bakwai, ban da giya da taba. Masu wiwi miliyan 10 da dubu 600, masu ƙwayoyi irin su tiramadol miliyan 4 da dubu 600, masu ruwan maganin tari miliyan 2 da dubu 400. Yankinmu na arewa maso yamma kaɗai kamar mutum miliyan 3. Sunka ce kuma cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Ga watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma wanda ya saba bai daina nema ba don an hana, sai ya koma ga wani abu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce cikin 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600 cikin duniya. Kadan kun duba waɗanga adadi za ku gane ba zuri'ar da za ta ce ta tsira, har gidajen malamai.

Fasali na biyu, bisa abin da ya same ni

Ina da wa, Allah shi jiƙansa, ya rasu ya bar ɗa namiji ga hannuna. Ni na rene shi, ni na rubuta masa allonsa na farko, har ya kai izu arba'in. Yaro ne mai kunya, mai daɗin murya ga tilawa. Cikin 2017, sa'ad da noma ya yi wuya don tsoron daji, ya roƙe ni in bar shi shi bi samari wurin haƙar zinariya, shi samo abin da za shi taimaki uwa tasa. Na san ramukan nan ba su da alheri, domin ba wanda ya manta da 2010, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 ga ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Bagega da 'Yargalma. Duk da haka na bar shi, don ba ni da abin da zan ba shi madadin haka.

Can cikin rami anka ba shi ƙwayar farko. Ba don shi yi maye ya sha ba, don shi iya sara dutse tun asuba har almuru bayansa bai yi ciwo ba. Wannan ku riƙe shi, ya ku malamai: da yawa cikin yaranmu ta ƙofar wahala sunka shiga, mai haƙa da mai noma da ɗan acaɓa da mai dako, da wanda anka kashe nasa gabansa barci ya ƙaurace masa. Ya fara da guda, guda ta daina yi masa aiki ya koma biyu, har ya kai ga waɗanda a ke shigowa da su ta ɓarauniyar hanya masu ƙarfin 225, alhali abin da hukuma ta yarda a sayar bisa takardar likita 50 ne da 100.

Sa'ad da gwamnati ta hana haƙa cikin Zamfara ga watan Afirilu na 2019 ya komo gida ba kuɗi, ga jaraba. Ya rame, ya bar jam'i, ya zama mai saurin fushi. Akuyar uwa tasa ta ɓace, sa'an nan buhun gero, sa'an nan littafina guda da na gada. Na doke shi, na zage shi gaban almajirai, na ce ya zubar mini da mutunci. Ku lura da wagga kalma tawa, mutuncina na ke kuka, ban yi kukan ciwonsa ba. Daga baya anka ba ni labarin wani gidan mari cikin wata ƙasa, na biya kuɗi na kai shi da hannuna. Sa'ad da zan juyo ya kama bakin rigata ya ce, "Baba Malam, don Allah kada ka bar ni nan." Na fizge rigata na tafi.

Ga watan Satumba na wannan shekara 'yan sanda sunka buɗe wani gida ga Rigasa ta Kaduna, sunka fitar da mutum fiye da 300, da yawa da mari ga ƙafa da tabon bulala ga baya, sa'an nan ga watan Oktoba anka buɗe wani ga Daura. Matar wana ta ji ga rediyo, ta zo ta durƙusa ƙofar zaurena ta ce, "Malam, amanar ɗan'uwanka ce, ka ɗauko mini ɗana ko gawarsa ce." Na tafi na ɗauko shi. Na iske ƙafarsa ta yi gyambo wurin ƙarfe, ba shi duban idon kowa. Wata biyar bai sha komi ba, na ce to ai ya warke.

Bai yi kwana ashirin gida ba ya gamu da abokansa na dā, ya sha daidai adadin da ya saba sha can baya. Da dare anka same shi bayan ɗaki ya yi jijjiga ya faɗi, numfashi na fita da ƙyar, leɓɓansa sun canza. Wata tsohuwa ta kawo madara za ta ɗura masa, Allah ya sa wani maƙwabcinmu ma'aikacin asibiti ya hana, ya kwantar da shi bisa gefensa, munka ɗauke shi zuwa asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Da safe likita ya kira ni ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wa ya koya wa yaron nan yadda za shi zamna ba ƙwaya?" Na ce an tsare shi wata biyar. Ya ce tsarewa ta raba shi da ƙwaya ne kaɗai, abin da ya kai shi gare ta shina nan, an ma ƙara masa da wulaƙanci. Ni da ke karantar da mutane, ran nan na zamna na yi karatu wurin yaro sa'an ɗana.

Fasali na uku, bisa abin da likitoci sunka sani

Ga abin da na koya, ina kuwa roƙon kowane ɗalibi shi rubuta shi ga takardarsa.

Na ɗaya, jiki shina sabawa. Ƙwaƙwalwa kan gyara kanta bisa abin da a ke ba ta kullum, har ta kai ba ta zama daidai sai da shi. Shi ya sa ƙwaya guda kan koma biyar, shi ya sa kuma mashayi kan rantse da Alƙur'ani da safe da zuciya ɗaya, la'asar ta same shi wurin mai sayarwa. Farkon sha zaɓinsa ne, laifinsa ne, ba mu wanke shi ba. Amma bayan sabo ya kama, cuta ta shigo cikin lamarin, cuta kuwa magani a ke yi mata.

Na biyu, bari shina da ciwo. Mai tiramadol ko kodin kadan ya bari, sai hamma da hawaye da majina, da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, da gumi, da rashin barci. Abin kan tsananta ga kwana na biyu da na uku, shi yi sauƙi cikin mako guda ko kwana goma, amma kasala da baƙin ciki da marmari kan daɗe watanni. Wanda bai san haka ba sai shi ce yaro raki shi ke yi.

Na uku, shi ne mafi hatsari: wanda ya daɗe shina shan giya da yawa kullum, ko ƙwayoyin barci irin su diyazifam da rochi, kada a yanke masa gaba ɗai cikin ɗaki. Mai giya kan fara rawar hannu cikin sa'a 6 zuwa 24, shina iya faɗuwa da farfaɗiya, sa'an nan tsakanin kwana na biyu da na huɗu hankalinsa shi ruɗe, shi riƙa ganin abin da babu, ga zazzaɓi ga bugun zuciya. Mutane sai su ce aljannu ne, alhali barin giya ne, shina kuwa kashewa. Irin wanga asibiti a ke kai shi, likita shi riƙa rage masa da magani sannu sannu. Ku yi masa addu'a da tofi, alheri ne, amma ku yi shi bisa hanyar asibiti. Hakanan mace mai ciki da ta saba da kodin ko tiramadol, kada ta yanke sai da likita, don kada cikin shi sami lahani.

Na huɗu, wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ya manta da sabo. Kadan ya koma ya sha adadinsa na dā, abin kan fi ƙarfinsa, shi ne abin da ya kusa kashe ɗan wana. Saboda haka ranar da mutum ya fito daga asibiti ko gidan kaso, ran nan tsaro ke farawa. Alamar ƙwaya ta yi yawa ita ce a tashe shi ba shi tashi, numfashi ya yi ƙasa ko shina minshari mai nauyi, ƙwayar ido ta tsuke ƙanƙanuwa. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, domin za su bi hanyar numfashi. A kwantar da shi bisa gefe, a gaggauta kai shi asibiti, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Akwai allura da a ke kira nalokson mai farkar da numfashin wanda irin waɗanga ƙwayoyi sunka danne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyar, komawa bayan bari abu ne sananne. Masu binciken wanga fanni ga ƙasar Amurka sun ce cikin mutum 100 da anka yi wa magani, 40 zuwa 60 kan sake taɓawa, kamar yadda mai hawan jini kan sake tashi in ya saki maganinsa. Ba mu korar mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa, mayar da shi wurin likita mu ke yi.

Wuraren magani kuwa suna nan. Asibitocin Anka da Gummi da Bukkuyum su ne matakin farko, su auna hanta da jini, su tura gaba. Ga Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura. Ga Kware kusa da Sakkwato akwai asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa, haka ga Barnawa ta Kaduna, Kano kuma akwai Dawanau. Hukumar NDLEA, wadda anka kafa cikin 1989, ban da kamu tana da sashen nasiha, cikin 2022 kuma ta buɗe layin waya na kyauta don masu neman shawara. Kada kowa shi ce zuwa Kware abin kunya ne. Ni na kai ɗan wana can da ƙafata, da rawanina ga kai.

Fasali na huɗu, bisa abin da malamai sunka bari mana

Bayan na komo daga asibiti na koma ga littattafai, na iske abin da likita ya faɗa mini shina nan tun dauri, ni ne ban lura ba. Malamai sun ce shari'a ta zo don tsare abu biyar: addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya. An haramta maye don tsare hankali. To yaya zan halaka rai da mari da yunwa da sunan ina tsare hankali?

Shaihu Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu shekara ta 684 ga hijira, ya rarrabe cikin littafinsa Furuƙu tsakanin abu uku: mai sa maye tare da nishaɗi kamar giya, da mai ɓata hankali ba tare da gusar da ji da gani ba, da mai gusar da hankali da ji gaba ɗai. Daga irin wanga bayani munka san ƙwayar da likita ya ba mai karaya ko wanda anka yi wa aiki magani ce halal gwargwadon bukata, ita ce kuma haram ga wanda ya sha don shi gusar da hankalinsa. Saboda haka maganin da likita ke ba mashayi shina rage masa sannu sannu, kada wani malami shi ce masa ai duk maye ne, shi sa shi zubar.

Ku duba kuma yadda Allah ya hana giya. Bai hana ta rana ɗaya ba. Cikin Baƙara ya bayyana cutarta ta fi amfaninta, cikin Nisa'i ya hana kusantar salla da maye, sa'an nan cikin Ma'ida ya yanke. Uwar Muminai A'isha ta bayyana, kamar yadda Buhari ya kawo, cewa da hanin giya ne ya fara sauka da mutane sun ƙi bari, sai da imani ya zamna ga zukata tukuna. Hukunci yau ya rigaya ya tabbata, ba mai sassauta shi. Amma hikimar ta rage mana: zuciya a ke fara ginawa.

Buhari ya kawo kuma labarin wani sahabi da a ke yawan kawowa don shan giya, a yi masa haddi shi koma. Ran nan wani ya la'ance shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin shina son Allah da Manzonsa. Cikin wata ruwaya ya hana a taimaki Shaiɗan bisa ɗan'uwa. Ni na taimaki Shaiɗan bisa ɗan wana ranar da na zage shi gaban yara, domin tun ran nan ya ga ba shi da wurin zama sai wurin waɗanda ba su zaginsa.

Wataƙila wani shi ce, ai Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya ɗaure Abu Mihjanu da mari don giya ranar Ƙadisiyya, zamanin Sayyidina Umaru. Gaskiya ne. Amma wannan shugaba ne mai hukunci cikin sansanin yaƙi, ba mai gida da ke karɓar kuɗin wata ba. Ku ƙarasa labarin kuma: matar Sa'adu ta amince masa ta kwance shi, ya fita ya yi yaƙi, ya cika alkawari ya komo ga marinsa. Sa'adu ya girmama shi ya sake shi, sa'an nan ne ya rantse ba shi ƙara sha. Mari bai raba shi da giya ba, amincewa ce ta raba shi. Haddi kuwa na alƙali ne bisa sharuɗɗansa, ba na uba ko malamin zaure ba. Dokar ƙasa ma ta canza, ga watan Janairu na 2023 anka sa hannu ga sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye tsohuwa ta 1958, ta tabbatar da haƙƙin majinyaci.

Bisa tuba kuma, kun san sharuɗɗanta: nadama, da barin laifi, da niyyar ba za a koma ba, da mayar da haƙƙin mutane. Malaman Sunna sun ce wanda ya tuba da gaskiya sa'an nan ya sake faɗawa, tubarsa ta farko ba ta ɓaci ba, sabuwa ce ta wajaba gare shi. Ku faɗa wa yaranmu wannan, domin da yawa abin da ke riƙe su cikin rami shi ne zaton ƙofa ta rufe.

Fasali na biyar, bisa mutanen gida

Yanzu ina magana da iyaye da matan aure, ku kuwa malamai ku kai musu. Gidan da ke da mashayi duka gidan ke jinya. Uwa ba ta barci, mata tana ɓoye kuɗin cefane cikin tukunya, yara suna jin tsoron sallamar ubansu. Matar wana ta rame fiye da ɗanta, ta bar zuwa biki da suna don kunya, maƙwabta kuma suna cewa ita ta lalata shi. Ku fara da gaya wa irin wagga uwa ba ita ta ba shi ba, kuma ba ta da ikon cire masa da ƙarfinta. Ta ci abinci, ta yi barci, ta shiga mutane, domin mai jinya in ya faɗi majinyaci ya rasa kowa.

Ya ku uwaye, ku tsare bakinku. Duk mun san nauyin bakin uwa. Kadan zuciya ta ɓaci ku ce Allah shi shirye ka, kada ku ce Allah shi tsine.

Kada a yi masa faɗa shina cikin maye, ba shi ji, sai dai a tada fitina. A jira safiya, mutum ɗaya da shi ke jin nauyinsa shi zamna da shi su biyu, shi faɗa masa abin da ya gani da idonsa, shi ce zan raka ka asibiti. In ya ƙi yau a sake gobe. A ba shi tuwo da sutura da wurin kwana, kada a ba shi kuɗi ga hannu, kada a biya masa bashin mai ƙwaya, kada a yi ƙarya don a rufe masa sata. Tausayi daban, ɗaure wa ɓarna gindi daban. Kada kuma a kore shi kan titi muddin ba shi cutar da kowa, hannunka ba shi ruɓewa ka yanke ka yar.

Amma kadan shina dukan matarsa ko ɗiyansa, ko ya ɗauki makami, to tsare rayukansu shi ne gaba. Ta tafi gidan waliyyinta da yaranta, kada wani shi ce mata ta yi haƙuri ta koma a kashe ta. Mazhabarmu ta Maliku ta ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa. Kada kuma mu yi abin nan da munka saba, a ce a yi masa aure shi natsu. Aure ba shi warkar da jaraba, ɗiyar mutane kaɗai a ke jefawa cikin wuta. Wanda anka tambaye shi halin manemi, wajibi ne shi faɗi gaskiya, wannan nasiha ce, ba ta cikin giba.

Kada mu manta da mata masu sha. Ita mace ba a ganinta bakin kasuwa, cikin ɗaki ta ke shan kodin ko ƙwayar barci, don baƙin cikin kishi, ko mutuwar aure, ko abin da anka yi mata sa'ad da anka tashi garinsu. In asirinta ya tonu saki a ke yi, shi ya sa ta gwammace ta mutu da abinta. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu cikin 1864, ta aika jajis ɗinta cikin ƙauyuka su karantar da mata cikin gidajensu, su ne 'yan taru. Malamanmu mata na Islamiyya su ne magadan wanga aiki. A koya musu abin da na faɗa ga fasali na uku, su shiga inda mu ba mu shiga, su riƙe asiri.

Fasali na shida, bisa abin da ya hau kanmu

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labari cikin Tazyinul Waraƙati cewa sun zamna ƙasar Zamfara tare da Shehu kamar shekara biyar suna kiran mutane. Shekara biyar, ya ku 'yan'uwa, ba wa'azin dare ɗaya ba. Mu kuwa muna so yaro shi bar abin da ya shiga jininsa don mun daka masa tsawa sau ɗaya.

Ina roƙonmu abu huɗu. Kowane masallacin Juma'a shi ware wani abu daga sadaka don kuɗin mota da magani na wanda za a kai Gusau ko Kware, domin talauci da tsoron hanya sun hana da yawa. Kowane malami mai zaure shi ware dare ɗaya cikin mako, bayan magariba, waɗanda ke ƙoƙarin bari su zamna tare, abin da anka faɗa nan shi tsaya nan. Ga ƙasar Amurka cikin 1935 mashaya giya biyu sunka gane cewa wanda ya ɗanɗani abin shi ya fi iya riƙe ɗan'uwansa, sunka kafa zama irin wanga, ya bazu cikin duniya, cikin 1951 iyalansu ma sunka kafa nasu. Mu da ke da salla biyar cikin jam'i mun fi cancanta da haka. Na uku, a nema musu sana'a, noman rani ko ɗinki ko kiwo, domin hannu in ba shi da aiki ƙafa kan koma inda ta saba. Na huɗu, mai sayar da ƙwaya ba takardar likita, a yi masa nasiha, in ya ƙi a kai maganarsa ga hakimi da Hisba da NDLEA. Ba ɓoyayyen abu ba ne ƙwayar nan tana shiga daji wurin masu kashe mu, mai sayarwa shina da kaso cikin jinin.

Ku kuma almajirai, in an aike ku sayen ƙwaya ku ƙi. In wani ya ce ku sha ku ji ƙarfin aiki ko ku kwana kuna tilawa, ku sani da haka anka fara da ɗan wana. In kun ga abokinku ya fara, ku faɗa wa malam a asirce, ku kuwa malamai ku karɓi maganar ba da bulala ba, don gobe wani shi iya zuwa. Kada ku bi mai maye da jifa da waƙa.

Ɗan wana ya yi wata biyu ga asibiti, ya komo muna zuwa ganin likita wata wata. Ya sake faɗawa sau biyu. Na farko ya ɓoye, na biyu shi da kansa ya zo zaure da dare ya ce, "Baba Malam, na sha." Ban doke shi ba, na ce Allah shi yi maka albarka da ka faɗa mini, da safe munka hau mota. Yau shekararsa ta huɗu bai taɓa ba. Shina noman albasa bakin gulbi, ya biya uwa tasa akuyarta, ya koma ga allonsa ya kai izu hamsin da biyu. Tabon mari shina nan ga ƙafarsa, ina ganinsa kullum in shina alwala, na kuwa roƙi gafararsa ya yafe mini. Da izininsa na ba ku wanga labari. Ba na cewa ya tsira, shi ma ba shi cewa, kullum safiya roƙon Allah mu ke yi shi kai mu dare.

Allah shi shiryi yaranmu maza da mata, shi ba majinyatanmu lafiya, shi sanyaya zukatan uwaye, shi kawo mana zaman lafiya cikin ƙasar Zamfara da sauran ƙasashen Musulmi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure daga gare ni ne, malamaina su gyara mini. Allah shi gafarta mana da iyayenmu da malamanmu, shi sa mu cika da imani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.